Kai kamar faifai, ciki fanko: jama'a me ya samu zahrata?

Manomin Gadarif: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, iyayena da yayyena ina gaisuwa. Dan Allah ina neman wanda ya san harkar zahra, wato abbad shams, shukar nan mai rawayen fure da ake matsar mai daga ƙwayarta, ya taimake ni da bayani don wallahi abin ya ɗaure min kai. Bana na raba gonata da ke kudu da Gadarif a nan Sudan, na bar faddan 5, wato wajen eka 5, na zuba zahra a tsakiyar watan bakwai bayan ruwa ya zauna, ta fito lafiya, na yi noman firi na yi maimai, ta yi tsawo har ta wuce kaina, kawunan nan wasu kamar faifai wasu har sun kusa tire, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce masha Allah. To da aka zo yanka aka bushe aka casa sai ga abin mamaki, buhun da ya kamata mutum biyu su ɗaga ni kaɗai nake cilla shi kan mota, ka ɗebi ƙwaya ka matsa da yatsa sai ta lotse, ba komai ciki. Fiye da rabi fanko ne. Mai injin matsar mai ya ɗiba ya watsa a baki ya tofar ya ce min ya zol wannan ai ɓawo ka kawo min.

Mai Agashe: Wa alaikumus salam. Hhhh yi haƙuri ɗan uwa ba dariya nake maka ba, amma Hausawa sun gama magana, girman kai rawanin tsiya. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Manomin Gadarif: Kai dai bari, ni da nake cikin zafi kai kana karin magana. Allah ya shirye ka.

Uwar Biyu Kasala: Innalillahi, faddan 5 a wannan lokaci da man tarakta ya zama zinariya. Allah ya mayar maka da alheri. Amma ni ku fara gaya min, wannan abar meye sunanta da Hausa ne wai? kullum sai mu ce zahra ko abbad shams, yarana sun tambaye ni na rasa amsa

Hajiyar Jidda: Nan Saudiyya a jikin galan ɗin mai dawwar shams ake rubutawa, kuma na sha jin malamai suna cewa a daina cewa abbad shams tunda ma'anarsa mai bautar rana, shuka kuwa Allah take wa tasbihi ba rana ba. 'Yan uwanmu da ke zuwa Umra daga Kano na ji suna cewa sanfulawa, wasu furen rana.

Kawu na Mai Wurno: Ba ta da sunan Hausa na asali domin ba shukarmu ba ce, kakanninmu ba su san ta ba. Ku bar maganar suna ku taimaki yaro. Ɗana, ni tambayata ɗaya, ka ga andat a gonar lokacin da ƙwaya ke madara? Wannan ƙwaro mai wari da ke taruwa a kan dawa. In ya sauka a kan abu yana tsotse ruwan cikin ƙwaya ya bar maka ɓawo. Ni na ga ya yi wa riɗi haka, na ga ya yi wa dawa haka.

Manomin Gadarif: Kawu barka da dare. Na ga 'yan kaɗan a gefen da ke kallon dawar maƙwabcina amma ba irin taron nan da ke rufe zangarniya ba gaskiya.

Muhandis na Madani: Salam. Kawu ya kawo magana mai kyau, andat yana taɓa zahra kam. Amma kafin mu kama ƙwaro bari in tambayi mai gona abu uku. Irin da ka shuka, tagawin, daga ina ka samo shi, na cikin leda ne mai hatimi ko na buhu? Na biyu, cikin gonar duk tsayinsu ɗaya kuma kowace kai ɗaya ta yi, ko akwai masu rassa da ƙananan kawuna da yawa? Na uku, da take fure in ka shiga da hantsi kana jin kukan ƙudan zuma?

Manomin Gadarif: Muhandis kamar kana wurin. Irin dai wajen wani abokina na karɓa, shi ya noma bara ta yi masa kyau sosai sai ya ware min daga cikin abin da ya girba, ya zaɓo manyan ƙwayoyi ma. Ka san halin da ake ciki tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023, na leda ko ka gan shi kuɗinsa ba a magana, kuma baka da tabbas ba tsohon ajiya ba ne. Tsayi kuwa gaskiya ba ɗaya ba, wata doguwa wata gajera, wata ta yi fure wata ko alama, kuma eh akwai masu rassa da yawa har na ɗauka albarka ce na ce ga guda ta haifi bakwai. Zuma kam ban kula ba, amma ban tuna na ji wani kuka ba.

Muhandis na Madani: To ai ka amsa wa kanka rabin tambayar. Abokinka hajin ya shuka bara, abin da mutanen Najeriya ke cewa iri mai aure, kai kuma ka shuka 'ya'yansa. Bari in ɗan tsawaita ku yi haƙuri. Abin da muke gani kamar fure ɗaya ba ɗaya ba ne, wannan rawayen ganye na gefe talla ne kawai don kiran ƙwari, ainihin furannin su ne ƙananan nan na cikin faifan, a babban kai sukan haura 1000, kowanne ƙwaya ɗaya zai zama. Suna buɗewa daga gefe zuwa tsakiya, layi biyu uku kullum, har wajen mako guda ko kwana 10. Kowane ƙaramin fure ranar farko namiji ne, yana fitar da garin nan mai rawaya, washegari sai macen ta fito tana jiran gari. In gari bai same ta ba ɓawon zai girma yadda ya saba, ya yi baƙi ya yi kyau a ido, amma ciki babu komai. Wannan shi ne fankon da ka gani.

Yanzu maganar hajin. Kamfanonin iri suna amfani da uwa wadda ba ta yin gari kwata-kwata, wani Bafaranshe mai suna Leclercq ya gano wannan hali a 1969, sai a haɗa ta da uba wanda yake dawo wa 'ya'yan da garin, kuma uban nan yawanci mai rassa ne don ya daɗe yana ba da gari. Ɗan farko, wanda ke cikin leda, yana fitowa tsaf, tsayi ɗaya kai ɗaya gari isasshe. In ka sake shuka abin da ya haifa sai halin kakanni ya watse a cikinsu, wajen kashi ɗaya cikin huɗu su ɗauko uwar su fito ba gari, wasu su ɗauko rassan uban. Waɗanda ba su da gari ɗin nan in ba zuma ta kawo musu daga maƙwabta ba, kan gaba ɗaya fanko zai zama komai girmansa.

Mai Agashe: Wato alfadari kenan

Muhandis na Madani: Kusa amma ba daidai ba. Alfadari ba ya haihuwa, wannan yana haihuwa, 'ya'yan ne kowa ya kama gabansa.

Kawu na Mai Wurno: Muhandis na ji bayaninka kuma na gode, amma bari in faɗi abin da ke raina ko ba zai yi daɗi ba. Iyayenmu da suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903 suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har suka zauna a bakin kogin Nilu, ba wanda ya taɓa zuwa kanti sayen iri. Ka girbe dawarka ka zaɓi zangarniya mai kyau ka rataye a ɗaki inda hayaƙi ke samunta, baɗi ka shuka. Haka gero, haka wake, haka kuɓewa. Yanzu an kawo mana shukar da sai ka je ka durƙusa wa ɗan kasuwa duk shekara, in hanya ta rufe ko dala ta hau shikenan ka zauna. Wannan ba noma ba ne a wurina, haya ce. Yaron nan bai yi laifi ba, abin da ya ga ubansa na yi shi ya yi.

Ɗan Halfa: Kawu Allah ya ƙara girma, amma gaskiya a nan zan ɗan saɓa maka. Mu a Halfa Jadida muna yinta da ban ruwa lokacin sanyi, kuma duk wanda ya lissafa zai ga kuɗin iri shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kashe-kashen. Kilo 2 ya ishi faddan. Ka yi kunya santimita 80 tsakani, rami da rami santimita 25, ka ga faddan mai mita 4200 zai ɗauki wajen tsiro 21,000. Ka kwatanta kuɗin kilo 2 da kuɗin huɗa da man babur da 'yan noma da yanka. Mutum ya tsimi kuɗin kilo 10 ya yi asarar faddan 5, ai araha bata ado. Ba da kai nake ba ɗan uwa na Gadarif, ni ma na taɓa yi shi ya sa nake faɗa da zafi.

Kawu na Mai Wurno: Kai da kake Halfa hanyar Bur Sudan a buɗe take gare ka, komai ya sauka a jirgi kai ne farkon gani. Ka tambayi mutanen Sinja da Damazin yadda suka yi a 2024. Lissafinka daidai ne ranar da kaya ke kasuwa.

Ɗan Halfa: Wannan kuma gaskiya ne Kawu, na karɓa.

Muhandis na Madani: Ku duka biyu kuna da gaskiya kuma akwai hanya a tsakiya. Ba duk zahra ce hajin ba. Da aka fara nomanta da yawa a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980 wajen Damazin, hajin na waje irin su Hysun 33 na Ostireliya su suka cika gonaki shi ya sa mutane suka ɗauka duk haka take. Amma akwai buɗaɗɗen iri wanda ba aure aka yi masa ba, hukumar binciken noma ta fitar da wanda ake kira Damazin, irin wannan zaka iya ajiyewa kamar yadda Kawu ke ajiye dawa, ka zaɓi kawuna masu kyau daga tsakiyar gona nesa da gonar wani. Sai dai shi kuma ya fi hajin dogaro da zuma, domin bai cika karɓar garin kansa ba, sai na wata shukar. Ko ta ina ka bi dai zaka dawo kan zuma.

Mai Zuma Damazin: Yauwa an zo wurina, tun ɗazu nake karantawa ina jira. Ɗan uwa ka ce baka ji kuka ba, ai wannan kaɗai ya isa. Gonar zahra mai lafiya in ka shiga tsakanin ƙarfe 8 zuwa 11 na safe kamar an kunna inji take, kowane kai zaka ga biyu uku a kai ƙafafunsu sun yi rawaya. Matsalar yankinku ta Gadarif an share itace an yi mashru'i, wato manyan gonakin inji, iya ganinka, ba kogon bishiya ba ruwa da rani, zuma a ina zata zauna? Sannan ga feshi. Ka shuka tsakiyar watan bakwai, kenan ta yi fure wajen tsakiyar watan tara, daidai lokacin da masu riɗi da auduga ke feshin mubid, wato maganin ƙwari, da tsakar rana. Ni akwai shekarar da na kai amya 12 kusa da wata gona, mai gonar ya yi feshi da hantsi bai gaya min ba, washegari na zo na tarar da su a ƙofar amya kamar an zubar da baƙin wake, na share da tsintsiya na cika kwano. Ban yi magana da kowa ba ranar. In dole ne a yi feshi saboda tsutsar nan da ke cin kai, a bari sai bayan la'asar sakaliya zuma ta koma gida, kuma a gaya wa mai amya ya toshe ƙofa.

Manomin Gadarif: Wallahi maƙwabcina na gabas ya yi feshi sau biyu a watan tara, na tuna don warin har bukkata. To amya nawa ake buƙata?

Mai Zuma Damazin: Faddan 5 ka samu amya 2 ko 3 masu ƙarfi sun yi maka, a ajiye su a inuwa a gefe da zarar furen farko ya buɗe, ka sa musu ruwa a kasko da 'yan tsakuwa don kar su nutse. Kuma kar ku kashe ƙaramar zumar nan mai yin saƙa ɗaya tal a reshe a fili, wadda yara ke jifa. Baƙuwa ce daga Asiya, a Khartum aka fara ganinta a 1985 ta bi kogi ta bazu, zumarta kaɗan ce amma tana aiki a kan fure.

Uwar Biyu Kasala: Mai Zuma tunda kana nan, zumar zahra ce wadda ke daskarewa kamar man shanu? na taɓa saya na mayar wa mutumin na ce sukari ya zuba min

Mai Zuma Damazin: Hhhh Hajiya kin zalunci bawan Allah, ki neme shi ki ba shi haƙuri. Haka halinta yake, rawaya ce kuma cikin 'yan makonni take yin tsaki-tsaki ta daskare, ba algus ba ne. Ki sa kwalbar a ruwan ɗumi zata narke. Shi ya sa ba ta da kuɗi kamar ta magarya, mutanenmu in zuma bata zuba tana ja ba basu yarda da ita ba.

Hajiyar Jidda: Ni dai tawa ba ta faddan ba ce, ta saman bene ce, amma ku bari in ba ku dariya. Jikata ce aka ce su shuka wani abu a makaranta, ta je baƙala ta sayo fusfus, wato ƙwayar zahra, na ci, soyayye mai gishiri, ta binne a gwangwani tana ba shi ruwa sati biyu tana kuka wai ya ƙi fitowa. Sai na je wurin masu sayar da abincin tsuntsaye na sayo ɗanye wanda ake ba aku, mai zane fari da baƙi, muka zuba a bokitin fenti da na huda ƙasansa, kwana 6 sai ga shi ya ɗago da ɓawon a kansa kamar hula. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, nake tarawa ina ba su. Abin da na koya, kar ki shuka a ƙaramin abu ki ce zaki dasa, saiwarta guda ce mai nitsewa ƙasa, in kin taɓa ta sai ta tsugune ta yi fure tun tana gajera. Kuma a Jidda sai watan goma sha ɗaya zuwa ɗaya, wadda na gwada da zafi ta ƙone ƙurmus. To Muhandis ni da nake hawa na huɗu ba zuma ba ƙuda, ya zan yi in samu ƙwaya?

Muhandis na Madani: Hajiya ke zaki zama zumar. Ki samu ƙyalle mai laushi ki naɗe a hannu, da safe bayan raɓa ta bushe ki shafa fuskar wannan a hankali ki je ki shafa ta waccan, ki zagaya duka ki dawo kan ta farko, kullum ko bayan kwana ɗaya har furen tsakiya ya gama buɗewa. Manoma a Indiya suna yin haka a gona sosai. Amma sai kina da aƙalla biyu ko uku masu fure lokaci guda. In ƙwaya ta fara kama sai ki ɗaure kan da tsohon gidan sauro ko siririn mayafi saboda tattabaru, banda leda, leda na tara gumi kan ya ruɓe.

Mai Agashe: Ni tambayata ta almajirai ce, da gaske tana bin rana ko labari ne? Don na wuce wata gona da yamma na ga duk sun juya wa rana baya

Ɗan Halfa: Tana bi tun tana budurwa, kafin fure ya buɗe. Da safe gabas, da yamma yamma, cikin dare ta sake juyowa gabas ta jira. In ta buɗe wuyan ya yi tauri sai ta tsaya tana kallon gabas shikenan. Mu ma shi ya sa wajen yanka muke sanin ta inda zamu shiga.

Muhandis na Madani: Haka ne, kuma har wannan ma zancen zuma ne. Masu bincike a Kalifoniya a 2016 sun juya tukwanen wasu suka kalli yamma, sai suka ga masu kallon gabas sun fi saurin ɗumama da safe kuma zuma ta fi sauka a kansu nesa ba kusa ba.

Kawu na Mai Wurno: Ikon Allah. Mu nan alƙiblarmu ma ta wajen can ne, arewa maso gabas. Sai a ce mata mai bautar rana, ba a kyauta mata ba.

Uwar Biyu Kasala: To ni har yanzu ban gane me ya sa ake wahala da ita ba ga gyaɗa ga riɗi. Man zahra ba ƙamshi ba ɗanɗano, ful in ba man riɗi ba ai ba ful ba ne

Mai Agashe: Faɗa musu Hajiya. Ni ko kyauta aka bani ambaz ɗin zahra, wato tunkuzarta, ba zan sa a agashe ba, ɓawo ne zalla, sai tunkuzar gyaɗa. Amma zalabiya da ɗa'amiya gaskiya man zahra ya fi, ba ya rinjayar abu.

Ɗan Halfa: Dalilin kuɗi ne da sauƙi. Riɗi in ya nuna baka yanke cikin 'yan kwanaki ba ya fashe ya zube, ga neman ma'aikata a watan goma kowa na nema lokaci guda. Zahra tana jiranka, kuma hasida, wato injin girbi, na shiga ta yanke. Kwana 100 zuwa 120 ta gama. Baƙar ƙwaya ta mai tana ɗauke da kashi 40 zuwa sama na mai, mai zanen ta ci ce man ta kaɗan ne. Kuma abin da Kawu zai so, buda bata kama ta, wato ƙuduji. Gonar da ƙuduji ya cinye dawa in ka sa zahra shekara guda ka huta da shi a wannan shekarar. Ambaz ɗin kuma shanu da tumaki na ci. Kuma ku tuna 2022 da Rasha ta shiga Yukren yadda galan ɗin mai ya yi tsalle ko'ina, saboda ƙasashen nan biyu su ne kan gaba a man zahra a duniya. Mu da muke da baƙar ƙasa da rana muna sayen na jirgi, abin kunya ne.

Muhandis na Madani: Abin dariyar ma asalinta Amurka ta Arewa ce, mutanen ƙasar na asali suka fara nomanta, Sifaniyawa suka kai ta Turai tana adon lambu kawai, Rashawa ne suka mayar da ita abin mai, wani masaninsu Pustovoit a Krasnodar ya yi shekaru yana zaɓe har man ya tashi daga wajen kashi 30 zuwa kusan 50. Kuma Kawu ka ji, da zaɓen iri ya yi, irin naku na rataye zangarniya, ba da aure ba.

Kawu na Mai Wurno: Ka ji ko. Da tsohuwar zuma ake magani.

Muhandis na Madani: Mai gona in akwai sauran kawunan da ba a casa ba ka ɗauko biyar shida ka raba kowanne biyu da wuƙa ka duba daga gefe zuwa tsakiya. In gefe cike yake tsakiya ce kawai fanko, to ƙishi ne ko yunwa a ƙarshe, ruwa ya ɗauke ko ƙasa ta gaji, ɗan kaɗan a cibiya kuwa kowace gona na yi. In zobe guda ne ya mutu sauran lafiya, kwanakin da wannan layin ya buɗe ne aka yi zafi mai tsanani ko ruwa ya yini yana zuba ya wanke gari. In a warwatse ne nan cike nan fanko, ko kai guda gaba ɗaya ba komai na kusa da shi kuma cike, to gari ne bai isa ba. In andat ne zaka fasa ka ga ƙwayar ta fara yi sannan ta yamushe ta yi tabo, ba wayam ba.

Manomin Gadarif: Akwai wajen kai 20 da matata ta rataye a rumfa wai na yara. Gobe in Allah ya kai mu zan duba, yanzu batir saura kaɗan kuma ba wuta.

Hajiyar Jidda: Allah ya kawo muku sauƙi ya zaunar da ƙasa lafiya

Uwar Biyu Kasala: Amin ya Rabbi

Manomin Gadarif: Salam jama'a barkanmu da safiya. Na duba kamar yadda Muhandis ya ce, na fasa guda 8. Uku a ciki wallahi ko ƙwaya ɗaya mai ciki ban samu ba sai 'yan tsiraru a gefe, kuma su ne manya-manyan, waɗanda matata ta zaɓa don kyau. Huɗu a warwatse, ka samu biyu cike uku fanko. Ɗaya kuma ƙarami ne ko tafin hannu biyu bai kai ba amma cike yake tam har tsakiya, nauyinsa ya fi na manyan. Na fasa da haƙori ciki wayam ne fari, ba tabo.

Kawu na Mai Wurno: Waɗanda ka fasa na wane gefe ne? Don in ba na gefen dawa ba ne ba ka wanke andat ba tukuna.

Manomin Gadarif: Hhh Kawu an riga an gauraya su, ban san na ina ba ne.

Kawu na Mai Wurno: To ni ban janye ba. Baɗi ka sa ido a gefen nan.

Muhandis na Madani: Kawu ba zai sauka ba, kuma sa idon ba asara ba ne. Manyan nan uku su ne marasa garin da na faɗa maka. Abin da ke hannunka yanzu kar ka zubar, a sheƙe shi da iska sosai, fanko zai tashi mai nauyi ya faɗo, ko buhu nawa ya rage ka kai injin, sauran a niƙa wa dabbobi a haɗa da dusa. Ka tabbata ya bushe ƙayau kafin ka ɗinke buhu, in ka ciza ya ce ƙas. Amma ko ƙwaya ɗaya kar ka mayar ƙasa.

Manomin Gadarif: Na ji. Baɗi in da rai faddan 2 kawai zan yi, ɗaya na leda ɗaya buɗaɗɗen nan in na samu, sauran in mayar da riɗina. Mai Zuma kana kai amya har wajenmu ko sai Damazin kawai?

Mai Zuma Damazin: Da damina hanyarku laka ce, mota bata shiga, kuma amya ba a ɗaukarta sai da dare. In zaka zo da tarakta ka same ni a bakin kwalta zan iya kawo 2. Amma sai ka fara zama da maƙwabcin nan naka na gabas kun sha jabana, wato gahawa, kun yi maganar lokacin feshi, in bai yarda ba ba zan kawo ba. Turo min lambarka ta gefe.